Sauya wa rol ɗin filamen wuri a firintar 3D: in kashe kuɗi ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ina da firintar 3D guda uku duk samfurin Ender 3, ina buga maƙalar makulli da mazaunin waya da ƙananan sifaya ina sayarwa. Yanzu oda ta ƙaru ina son ƙaro ta huɗu amma wuri ya min kaɗan, so nake in jera su a kanta hawa biyu, to rol ɗin filamen (zaren robar da injin ke narkarwa ya buga kaya) da ke zaune a saman injin shi ke tokare kantar sama. In sauke shi gefe ne, ko in sayi akwatin busar da filamen, ko kawai in kama babban wuri? Bana son zuba kuɗi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Maganar babban wuri ka ajiye ta tukuna, haya nauyi ce da zata riƙa zuwa maka kullum ko da oda ko babu, alhali sauke rol abu ne da injin naka da kansa zai iya buga maka mazauninsa. Ka sauke shi, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, sai dai kuɗin da ke cikin wannan magana ba kuɗin mazauni bane, kuɗin aikin da zai lalace ne in ka ajiye shi a inda bai dace ba. Aikin awa 12 da ya tsaya a awa ta 10 ya cinye maka filamen, ya sha wuta, ya kashe wa injin yini guda, ga kwastoma yana jira kana bashi haƙuri, toh wannan ita ce asarar da nake so ka sa a gaba.

A Ender 3 ma saukewar taimakonka zata yi. Ka leƙa ekstrudar, wato giyar da ke jan filamen, tana hagu ne kuma ta gefe take karɓa, shi kuwa rol yana sama, dan haka filamen ɗin sai ya sauko ya lanƙwashe kafin ya shiga, yana gogar bakin hannun roban ekstrudar har ya yi masa rami a hankali, wani lokaci ya shafi dogon sukurun da ke ɗaga injin sama ya kwaso giris ya kai cikin nozul, wato bakin da ke fitar da narkakkiyar roba. Ga kuma kilo 1 cur da ke zaune a ƙolin firam, farantin da aikin ke zama a kai na kai da komo firam ɗin na ɗan girgiza. In ka dawo da rol gefen hagu daidai bakin ekstruda, filamen zai shiga a miƙe kuma nauyin ya sauka ƙasa.

Amma fa ekstrudar nan ba a tsaye take ba, tana hawa da aikin har milimita 250. Mutum zai gwada mazauni injin na ƙasa yaga komai lafiya, sai ranar da ya buga dogon abu filamen ya karkace ya fara turjiya, kaji giyar na ƙas ƙas tana cin jikinsa, bangon aikin ya fito da ramuka. Dan haka ka gwada a ƙasa ka gwada a sama, ka gwada da cikakken rol ka kuma gwada da wanda ya kusa ƙarewa, domin na ƙarshe-ƙarshen nan ya fi nannaɗewa kuma rol ɗin ya rage nauyi, in ba a riƙe yake ba sai injin ya jawo shi ya faɗo daga kanta.

Mazaunin ka sa masa boris, mai lamba 608 aka fi amfani da shi, amma kar ya yi sulɓi fiye da kima. Kamar zaren keken ɗinki ne, in ya yi tauri ya tsinke in ya saki ya harɗe. Rol ɗin da ke ci gaba da juyawa bayan an daina jansa zai zubo da filamen ta gefe ya naɗe sandar, kuma cikakken rol na filamen nau'in PLA mai kaurin milimita 1.75 ya kai wajen mita 330, kaga in ya harɗe ba ƙaramin aiki bane. In dole sai filamen ya yi kwana kafin ya iso, ka bi da shi ta tiyon roba mai santsi da ake kira PTFE, ka nemi mai faɗin ciki milimita 2.5 ko 3 maimakon 2 dan gogayya ta ragu, tiyon ya zama gajere kwanar kuma mai faɗi. In akwai injin da ka mayar da giyarsa kan nozul, ka ɗaure bakin tiyon a jikin firam, in ba haka ba duk fizgar rol zata fito a jikin aikin.

Sai zafi, tunda hawa biyu zaka yi. PLA na fara laushi a wajen digiri 60, kusan zafin da farantin ke aiki da shi kenan, kar rol ya zauna dab da faranti ko a lungun da iska bata shiga. Kantar kuma ta zama mai ƙarfi a ɗaure da bango, dan girgizar injin ɗaya na shiga aikin ɗaya, ka kuma auna zurfinta da tafiyar farantin gaba da baya har da wayarsa.

Akwatin busarwa ya danganta da me kake bugawa da saurin da rol ke ƙarewa a hannunka. In PLA ne kuma cikin 'yan kwanaki kake cinye shi, wallahi bana ganin dalilin ɗaure jari a nan yanzu, roba mai murfi da ke rufe ruf da silika mai tsotse danshi a ciki ta isa ajiya. In kana aiki da filamen nau'in PETG ko TPU ko nailan, su suna shan danshi sosai, zaka ji nozul na tas tas aikin na fitowa da gashi-gashi, kuma silika bata cire ruwan da ya riga ya shiga yadda ya kamata, sai akwati mai hita. Ko a nan guda ɗaya zaka fara saya ka riƙa busarwa kana raba wa sauran.

Kar ka taɓa duka injinan ukun rana ɗaya kana da oda a hannu. Ka sauya wa guda ɗaya, ka bashi aikin da sauran biyun ke yi, ka samu littafi kana rubuta aiki nawa kowanne ya gama, nawa ya lalace, giram nawa ya tafi shara, na sati biyu. In wanda ka sauya bai fi sauran ɓarna ba sai ka bi da su, lissafin nan kuma shi zai nuna maka ko ukun sun cika da aiki da gaske kafin ka ciro kuɗin na huɗu.