Gogen mutanen Ayalan

Ɗan'uwa, ka tambaya ko abin da 'yan Ayalan ke gogawa a bukukuwansu irin gogenmu ne. Akwai kama, amma namu tsirkiya ɗaya ce ta gashin doki a kan ƙwarya, nasu kuwa na katako ne mai tsirkiya huɗu, a ƙarƙashin haɓa ake dafe shi. Yawanci da kunne ake koyonsa, shi ya sa kiɗan yankin Donegal da na yankin Clare ba ɗaya ba ne. Babban taronsu shi ne Fleadh Cheoil a watan Agusta, wanda Comhaltas, ƙungiyar raya kiɗan gargajiyarsu, ta fara a 1951.