Amsoshin Likita Ga Masu Zuwa Aiki A Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Tambaya: Likita, da na fara duba waya a cikin jirgi sai jiri da tashin zuciya su taso mini.

Amsa: Idonka na kallon abin da ba ya motsi, kunnenka na ciki kuma yana jin jirgi na tafiya, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Ajiye wayar, ka ɗaga kai. In jirin yana bin ka har bayan ka sauka, je a duba ka.

Tambaya: Ƙarar jirgin ta yi yawa, sai na ƙure sautin iyafis kafin in ji abin da nake saurare. Akwai illa?

Amsa: Akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai iya ɗauka lafiya shi ne desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma ƙarar jirgi in yana shan kwana kan wuce haka kafin ma ka ƙara naka. Nemi irin mai toshe ƙarar waje, ka rage sauti. In kunne ya fara yi maka shuuu da dare, ga likitan kunne, don jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Tambaya: Likita, nakan yi kusan awa ɗaya a tsaye, wani lokacin jirgin ya tsaya cak tsakanin tasha da tasha. Saboda tsoron fitsari na daina shan ruwa da karin kumallo sai na isa ofis. Makon jiya na suma a tarago. Da na farfaɗo na tarar an jingine ni a zaune, wata tana ɗura mini ruwa a baki, na yi ta tari.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya tsare ki. Wasiƙarki ce ta fi damuna, don kuskure biyu ne a cikinta, ɗaya naki, ɗaya na masu taimakonki, kuma nasu ya fi haɗari.

In mutum ya daɗe a tsaye ba ya motsi, jini kusan rabin lita kan sauka ya taru a ƙafafu da ƙasan ciki. Tsokar sha-raɓa ce ke tura shi sama, amma sai ana takawa. A tarago mai cunkoso ba takawa, ga zafi yana buɗe jijiyoyin fata, ke kuma kin shigo jikinki a bushe, ciki ba komai. Jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai ki faɗi. Faɗuwar nan ita ce maganin, domin da jiki ya kwanta jini yake komawa kai. To masu jingine mutum a zaune, ko su riƙe shi a tsaye don kada kayansa su yi datti, hana jinin komawa suke yi.

Ɗura ruwa kuwa, wallahi na gaji da ganin sakamakonsa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai. Ruwan zuwa huhu yake wucewa, ya shaƙe mutum nan take ko ya jawo ciwon huhu bayan kwana biyu. Tarin da kika yi ta yi ke nan. In kin ji zazzaɓi, ko numfashi ya yi miki nauyi, ko tari ya ƙi tsayawa, kada ki kwana a gida.

Abin yi in wani ya faɗi a gabanku: a kwantar da shi a ƙasa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta abin wuya, jama'a su ja baya. Kada a sa komai a bakinsa, ko ruwa, ko cokali, ko yatsa, ko da jijjiga yake yi. In yana numfashi amma bai farka ba, a juya shi gefe. In ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira agaji. A sanar da direba ta na'urar magana, amma kada a ja birkin gaggawa a cikin rami, domin ma'aikatan lafiya a tasha za su same shi. Hukumomin jirgi a Landan da New York abin da suke faɗa wa fasinjoji ke nan.

Ke kuma, ki sha ruwa da zarar kin tashi, ki ci wani abu, ki zaga kafin ki fita. A tsaye, riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa. Suma kan ba da sanarwa: gumi mai sanyi, duhu-duhu a ido, tashin zuciya. Da kin ji haka ki nemi kujera, in babu ki zauna a ƙasa, ba abin kunya ba ne. Kuma ki je asibiti ko da kin ji garau, a auna jininki, a duba suga, a yi gwajin bugun zuciya, a yi na ciki in akwai yiwuwarsa. Sumar da ta zo ba sanarwa, ko da ciwon ƙirji, ko da bugun zuciya mai sauri, ko a gidan da wani ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, wannan ta gaggawa ce. Ina sake faɗa, ki je.

Tambaya: An ba ni furosemide saboda zuciya, amma ranar aiki ba na sha, don yana sa ni fitsari a hanya.

Amsa: Alhaji, kada ka sake tsallake shi. Ruwa zai taru maka a ƙafa da huhu. Maganin kan fara aiki cikin awa ɗaya, ya ɗauki kusan awa 6. Yi magana da likitanka, sau da yawa ana iya mayar da shan sa bayan ka isa wurin aiki, ban da yamma sosai don kada ya hana ka barci. In ka fara haki in ka kwanta, asibiti yau.

Tambaya: Tsayuwa na sa ni ciwon baya, wani abokina ya ce in riƙa shan tramadol kafin in fita.

Amsa: Haba Malam! Abokin nan bai so ka ba. Tramadol na kama jiki, yana sa jiri, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kai kuma kana tsaye a bakin layin dogo. Rage nauyin jaka, sauke ta tsakanin ƙafafunka, canza takalmi. In ciwon yana sauka ƙafa ko tana yin sanyi, a duba ka.

Tambaya: Ina da asma, ƙurar tashar tana tayar mini da ita.

Amsa: Yawancinta garin ƙarfe ne daga gogayyar taya da layi da birki, kuma ta fi yawa a tashoshi masu zurfi. Sa takunkumi irin N95, abin shaƙarki kuma ya kasance a aljihu, kada ya nutse a ƙasan jaka. In kin shaƙa bai lafa ba, sauka a tasha ta gaba ki nemi agaji.