Amsoshin tambayoyinku: wace manhaja zan fara hoton HDR da ita?

Tambaya: Malam, ban daɗe da sayen kyamara ba, ina so in fara HDR, irin hoton nan da cikin ɗaki da abin da ke bayan taga duk suke fitowa tar. Kuɗina ba yawa, ina tsoron in sayi manhajar da zan zo ina da-na-sani.

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanena, kar ka sayi komai tukunna. Aikin nasu duka ɗaya ne, ka ɗauki wuri guda sau uku, ɗaya da duhu ɗaya daidai ɗaya da haske, yawanci -2, 0 da +2 a ma'aunin hasken kyamara (nemi AEB a menu ɗin kyamararka, wato saitin da ke canza hasken tsakanin hotunan, da kanta za ta yi), sai manhaja ta haɗe su ta ɗebo sararin sama daga mai duhun, ta ɗebo inuwa daga mai hasken. In dama kana biyan Lightroom to ka gama, tun 2015 aka sa masa wannan aikin, ka zaɓi hotunan ka danna Photo Merge ya haɗe maka su a fayil ɗin hoto guda ɗaya mai suna DNG. In ba ka da shi akwai Luminance HDR, kyauta ce, sai dai fuskarta ba ta da daɗin sha'ani, za ta ɗan ba ka wuya da farko. Ni dai da Photomatix nake cewa sabon shiga ya fara, tsohuwar hannu ce, kuma ta gwajinta ba ta ƙarewa, tambari kawai take manna wa hoton. Ka yi ta gwadawa har sai ka tabbata harkar nan ta zauna maka, sannan ka ciro kuɗi.

Tambaya: Wace manhaja ce za ta mayar min da tsohon JPEG guda ɗaya HDR?

Amsa: Babu. Wurin da haske ya ƙone ya zama fari fat babu abin da ya rage a ciki da za a dawo da shi. In RAW ne, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka ba a sarrafa shi ba, ana ɗan samun abin ja, JPEG kuwa kala kawai za ka ƙara masa.

Tambaya: Abokina ya ce zai tura min Photoshop kirak, wato wanda aka fasa don a yi amfani da shi ba biya, in karɓa?

Amsa: Haba bawan Allah! Wannan tambayar ta ishe ni wallahi, kusan kullum sai an turo ta. Wai shi wanda ya zauna ya fasa manhajar ya ɗora a intanet kyauta, don Allah ya yi? Ka lura fa, abu na farko da za a ce maka shi ne kashe antibairos kafin ka saka, wato da hannunka za ka buɗe wa ɓarawo ƙofa, kuma a kwamfutar da hotunan mutane suke, da kalmomin sirrinka, da imel ɗinka, wani ma har harkar bankinsa a kanta yake yi. Akwai cutar da ke kulle fayiloli gaba ɗaya a ce sai ka biya kuɗin fansa, ta irin wannan hanyar take yawan shigowa. Ko ka tsira daga wannan, kirak ba ya karɓar sabuntawa, ranar da ka canza kyamara sai ya ce bai san RAW ɗinta ba. Kuma abin haushin, duk kasadar nan a kan aikin da Luminance HDR ko darktable za su yi maka ba ko sisi. Mutum ya iya tara kuɗin kyamara da lens amma a nan ne rowa za ta kama shi. Kar ka karɓa, shi ma abokin ka ce ya goge.

Tambaya: Yaya, hotunana ganyen bishiya na fitowa biyu-biyu, ga wani farin haske yana zagaye gini. Ko manhajar ce ba kyau?

Amsa: Ba laifinta ba ne ƙanwata, kowa da haka ya fara. Biyu-biyun motsi ne tsakanin hotunan, ki ɗora kyamarar kan mariƙi mai ƙafa uku, ki bar lambar f ɗinki (faɗin ƙofar hasken lens) a wuri ɗaya saurin shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) kaɗai ya riƙa canzawa, sannan ki kunna deghost, saitin manhajar da ke goge biyu-biyun, wajen haɗawa. Farin zagayen kuma hannunki ne ya yi nauyi, ki ja strength ɗin, wato ma'aunin ƙarfin aikin HDR a manhajar, baya zuwa wajen rabi, kuma ki bar inuwa ta yi ɗan duhunta, ba dole sai an ga komai a cikinta ba.