Ga mai shirin ajiye aiki: yadda makon bazara ke tafiya a gidana

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, Allah Ya sa ka gama lafiya. Ka ce saura wata biyu ka cika shekara 35 a aikin gwamnati, kuma ba kuɗin fansho kaɗai ke damunka ba, har da zaman gidan kansa: me mutum zai yi daga safe har dare a wannan zafin? Na ga 'yan'uwa sun ba ka shawarar kiwon kaji da buɗe shago, duk suna da kyau. Ni da na ajiye aiki tun 2019 a nan Kano, makon da ya wuce zan ba ka labarinsa, makon da wayata ta riƙa nuna digiri 41, wata rana 42.

A bazara safiya da yamma ne naka, tsakiyar rana ba taka ba ce. Duk abin da ke buƙatar ƙafa ko ƙarfi, kafin ƙarfe 10 nake gama shi. In na fito daga Asuba ba na komawa barci. Nakan zaga unguwa a ƙafa kamar minti 30, in dawo in ba tumakina biyu dusa da ruwa, in shayar da zogale da lemun tsamin da ke bayan gida, sannan in kunna rediyo ina shan koko. Shekarar farko ban yi haka ba. Barci nake komawa har hantsi, in tashi jiki a mace, rana ta riga ta take, yinin ya tafi a banza, rai kuma a ɓace ba tare da kowa ya yi mini komai ba. Agogon ofis ya riƙe ka shekara 35, ranar da ya sake ka dole ka kafa naka, kuma lokutan salla sun isa su zama turakunsa.

Ranar Litinin na je gona ta wajen Gezawa, sharar gona da baza taki kafin ruwan farko. Da can sau uku nake zuwa a mako, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 na mai da shi sau ɗaya. Ƙarfe 11 na yi ina gida.

Daga nan zuwa La'asar, a nan ne jarrabawar take, kuma ba ta zafi kaɗai ba ce. Ƙanena, gidan nan naka da rana yana da mai shi. Uwargida ta yi shekaru tana tafiyar da shi ba ka nan: ta san lokacin ɗora tukunya, lokacin da maƙwabta ke shigowa hira, lokacin da take ɗan kishingiɗawa. Da na fara zama sai na shiga sa ido, ina tambayar yadda mai ya ƙare da wuri, ina ƙorafin hayaniyar yara. Matan da ke shigowa suka ɗauke ƙafa don maigida na tsakar gida. Wata rana ta ce da ni cikin ladabi, Malam, zaure ya fi iska. Na gane abin da take nufi, kuma gaskiyarta ce. Na share zauren, na shimfiɗa tabarma, na kai littattafaina da randa. Zauren namu ginin ƙasa ne mai rufin azara, ya fi ɗakunan kwanon da na kashe kuɗi a kansu sanyi nesa ba kusa ba, don kwano ɗaukar zafi yake ya sauke maka shi a ka, katangar ƙasa mai kauri kuwa a hankali zafin ke ratsa ta. A nan nake karatu, a nan nake ƙailula bayan Azahar, kuma yaran unguwa uku masu shirin jarrabawa suna zuwa ina duba musu lissafi.

Maganar ruwa kuwa, ka riƙe ta da hannu biyu. In shekaru suka ja, jiki ba ya sanar da ƙishirwa da wuri kamar na yaro, sai ruwan jiki ya ragu mutum bai sani ba. A bazarata ta biyu aka kira mu tantancewar 'yan fansho a wani ofis. Na fita da kofin shayi kawai a cikina, na sha maganin hawan jinina, wanda irin mai sa fitsari ne, na tsaya a layi a rana tun ƙarfe 8. Wajen 12 na ji jiri, idona ya yi duhu, ban farka ba sai a kan benci ana yi mini fifita. Likita ya ce ruwa ne ya ƙare mini. Bai hana ni maganin ba, kuma kai ma kada ka daina naka da kanka, amma ka je ka tambayi likitanka yadda za ka sha shi a lokacin zafi. Tun daga ranar ba na jiran ƙishirwa. Kowace salla da kofinta biyu, kuma ina duba fitsari: in ya yi ja sosai, ruwa ya yi kaɗan. In wani ya galabaita a gida, ana haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa shi da ruwa, a kai shi inuwa, a nufi asibiti nan take. Mu tuna abin da ya faru a Mali a Afrilun 2024, da zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes, tsofaffi ne suka fi shan wahala.

Ba na dogara da firji, don wuta ba ta da tabbas. Randa biyu gare ni, ina jiƙa buhu in naɗe su. Tumatir da alayyafon da na sayo a kasuwar Yankaba ranar Talata kuwa, a tukunya cikin tukunya aka ajiye su, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har aka ba shi lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Ruwan da ke tsotsewa daga yashin shi ke janye zafin. Abincin rana ma sauƙaƙa shi muke: fura da nono, ko kwaɗon zogale, da mangwaro ko kankana. Tuwo sai dare.

Kuɗi zan taɓa a taƙaice, tunda wasu sun yi bayani. In kana tsarin fansho na adashi da dokar 2004 ta kawo, aka sabunta a 2014, kamfanin fanshonka zai ba ka zaɓi biyu: a riƙa yankar maka wata-wata daga asusunka, ko ka sayi inshorar da za ta biya ka iya rayuwa. Ka zauna da wanda ya fahimta kafin ka sa hannu. Ni na yi watanni tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko, kuma masara da geron da na saya da kaka ne suka rufa mana asiri. In da abin da za ka kashe wa kuɗi tun yanzu, ƙaramar sola ce da fanka mai caji.

Bayan La'asar gari ke dawowa. Laraba na je duba wani tsohon abokin aikina da ke kwance, ya ce tun da ya bar ofis wayarsa ta daina ƙara. Wannan zai same ka kai ma, kada ya ɓata maka rai, kai ka riƙa nema. Majalisarmu a gindin darbejiya take, mu bakwai, kuma in ɗaya bai fito kwana biyu ba sai mun aika an dubo shi. Tsakanin Magariba da Isha ina ɗaukar karatun fiƙihu a wurin limaminmu, karatun da na yi shekaru ina cewa sai na samu lokaci.

Da dare a tsakar gida muke kwana. Ana yayyafa ruwa a ƙasa tun da yamma, a ɗaura gidan sauro. Jikoki in sun zo ba na bari a cusa su ɗaki ɗaya a rufe taga, don lokacin sanƙarau ne.

Alhamis da yamma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, muka kwashe shanya a guje, amma ko ɗigo bai sauka ba. Duk da haka na fito da irin gero da wake na duba, na kai fartanya wurin maƙeri. In kana da gonar gado da ka bar wa wasu, ka je ka gan ta cikin satin nan, da sassafe, da gorar ruwa a hannunka.