Taurarin da ke haskawa su ɗauke a tsakiyar gungunmu

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai taurari biyu-biyu kusa da tsakiyar gungun taurarinmu da ke fitar da hasken eksire na ɗan lokaci, sai su yi shiru. Ta yaya ake gano su, alhali ƙura ta rufe wurin? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Malam, ƙurar gaskiya ce. Tsakiyar tana da nisan tafiyar haske ta kusan shekara 26,000, kuma hasken da ido ke gani ba ya iso mana daga can. Amma eksire mai ƙarfi, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana ratsa ta.

A irin wannan tagwaye, ɗaya mataccen tauraro ne, ko tauraron nutiron ko baƙin rami, yana zuƙar iskar ɗan'uwansa. Iskar kan taru a faifai tana kewaya shi shekara da shekaru. Idan zafinta ya kai inda ƙwayoyin haidurojin da ke cikinta ke rabuwa da lantarkinsu, sai ta kwarara ciki gaba ɗaya, hasken ya ninka dubbai na makonni ko watanni, sannan ya lafa.

Shi ya sa ake gadi. Daga 2006 tauraron ɗan'adam na Swift ya riƙa leƙa wurin kusan kullum, na 'yan mintuna. Da an ga sabon haske sai a juya wani tauraron ɗan'adam mai suna Chandra, wanda idonsa ya fi kaifi, domin wurin cunkushe yake, kuma Swift kan haɗa taurari biyu ya ɗauka ɗaya ne. Haka aka yi a Afrilun 2013: an fara zaton babban baƙin ramin da ke tsakiyar gungunmu, Sagittarius A*, ne ya farka, ashe wani tauraron nutiron ne mai ƙarfin maganaɗisu a gefensa.

Bambance tauraron nutiron da baƙin rami ya fi wuya. Saɓanin baƙin rami, tauraron nutiron yana da jiki mai tauri, iskar kan taru a kansa ta fashe na daƙiƙoƙi ko mintuna. Ganin wannan fashewa hujja ce, da ita aka tabbatar akwai tauraron nutiron a tagwayen da ake kira AX J1745.6-2901, masu kewaya juna sau ɗaya cikin awa 8.4. Rashin ganinta kuwa ba ya nuna baƙin rami ne, mai yiwuwa na'urar tana kallon wani wuri lokacin. Sannan daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu rana na kusa da wurin a ganinmu daga duniya, Swift ba ya iya kallo, duk abin da ya tashi ya kwanta a tsakani ya wuce.