Batirin caji a tocilar LED

Kana tambaya ko za ka iya sa batirin caji a tocilarka mai cin AA. Eh, za ka iya, in dai irin wanda aka rubuta NiMH a jikinsa ne. Shi volt 1.2 yake bayarwa, alkaline (batirin da ba a yi wa caji) kuma 1.5, to hasken zai iya ɗan raguwa amma ba abin da zai lalace, kuma ba ya yoyon nan da ke cinye sifirin in tocila ta daɗe a ajiye.

Wanda nake ja maka kunne a kai shi ne lithium mai lamba 14500. Girmansu ɗaya da AA, yana shiga daidai, amma volt 3.7 ne, in ya cika ma 4.2, na ga tocilar da ya ƙone wa ƙwai nan take. Don Allah ka karanta jikin batirin kafin ka saya.