Amsa kan tsarin ginin firamaren unguwa

Ɗan'uwa, ka ce unguwarku ta haɗa kuɗin gina firamare, kana tambayar yadda za a tsara ta har manya su amfana. Ku fara da maganin zafi. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina ajujuwa uku a 2001 da bulon ƙasa mai ɗan siminti. Ya ɗaga kwanon rufin sama, ya bar sarari tsakaninsa da silin, iska tana ratsawa tana kwashe zafin. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu.

Ni dai abin da ya fi damuna ƙofa ce. Ku sa aji ɗaya a bakin katanga da ƙofarsa ta waje, mata su riƙa shigowa karatun yaƙi da jahilci bayan la'asar ba sai an buɗe duk makarantar ba. Famfon ma a yi masa baki biyu, ciki da waje. Na sha ganin yarinya riƙe da bokiti tana leƙen ruwa ta ƙofar makaranta a kulle, abin yana min ciwo.

Banɗakin 'yan mata a ware shi daban. In akwai darbejiya a filin, don Allah kada a sare ta.